Dandamalin katako a bayan gida: yadda ake ba da aikin a Zariya don ya daɗe

Tambayar yadda ake yin dandamalin katako a bayan gida ta yawaita, musamman daga masu sababbin gidaje a Hanwa, Palladan, Samaru da wajen Danmagaji. Mutum zai ga hoton ɗan'uwansa da ke Kanada ko Amurka zaune a kan dandamalin katako a bayan gida, ana shan shayi, sai ya ce shi ma irinsa yake so. Wa zai ba aikin? Wane katako? Nawa za a kashe, kuma yaya za a yi kada ya ruɓe bayan damina biyu?

Kafin mu shiga matakai, kada ka kwafi tsarin can kai tsaye. A ƙasashen sanyi abin da ake tsoro shi ne ƙanƙara. Ruwan da ke cikin ƙasa yana daskarewa, ya ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya ɗaga ginshiƙi sama. Shi ya sa a Toronto ake haƙa ramin ginshiƙi ya kai mita 1.2, a arewacin jihar Minnesota kuma har inci 60. Mu a Zariya ƙasa ba ta daskarewa ko hunturu ya kai inda ya kai. Abokan gābarmu uku ne: gara, ruwan Agusta, da bushewar hunturu mai tsaga katako. Duk ma'aikacin da bai yi maka maganar waɗannan ukun da bakinsa ba, to bai san aikin ba.

1. Tsayar da wuri da girma

Kada ka kira kowa tukuna. Ɗauki igiya da turaku huɗu ka zagaye wurin, ka shimfiɗa tabarma ko ka jera kujerun da za a riƙa zama a kai, ka ga ko ya isa. Katako a kasuwa yawanci tsawon ƙafa 12 yake zuwa, wato mita 3.6. Idan ka yi awon ƙafa 12 da 12, ko 12 da 24, ba za a yi ta yanke-yanke ana zubar da guntaye ba. Ƙafa 13 kuwa asara ce tsantsa.

Duba inda ruwan indararo ko na kwanon gida yake zuba, da inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida. Duba kuma inda rijiya da sokawe suke.

Gargaɗi: kada a ɗora ginshiƙi a kan murfin sokawe ko a toshe hanyar da motar kwashe shi za ta miƙa tiyo. Sannan ka tsaya a kan kujera daidai tsayin da dandamalin zai kai, ka duba ko kana hango tsakar gidan maƙwabci. In kana hangowa, ko ka rage tsayi ko ka ƙara katanga. Rigimar leƙen gida ta fi ta gara wuyar magani.

Idan za a yi rufi na dindindin ko aikin zai taɓa jikin ginin gida, je ofishin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, ka tambayi ko yana buƙatar izini kafin a sa diga. In gidan haya ne ko na gado, sami yardar masu shi a rubuce.

2. Zaɓi irin ginin

Hanya uku ce. Akwai daɓen siminti da tayil, wanda ya fi arha wajen kulawa, gara ba ta da abin ci a jikinsa, sai dai yana ɗaukar zafi a watan Maris da Afrilu. Akwai katako zalla daga ƙasa har sama, wanda ban ba kowa shawararsa ba a garin nan. Sai na uku: ginshiƙan kankare a ƙasa, firam na katako mai ƙarfi ko na ƙarfe a kansu, shimfiɗar katako a sama, da rumfar kwano ta rufe duka. Wannan na ukun shi nake bayani a kai. Rumfar ba ado ba ce, ita ce ke tsare katakon daga rana da ruwa.

Lokacin farawa: ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta yi tauri sosai ba. A gama kafin iskar farkon damina ta Afrilu da Mayu.

3. Neman wanda zai yi aikin

Aikin ya haɗa hannu uku: birkila, kafinta da mai walda. Ko dai ka ba mutum ɗaya kwangilar duka shi ya kawo sauran, ko ka ɗauki kowa daban kai ka zama mai lura. In kana zuwa ofis ko kasuwa daga safe zuwa yamma, ba mutum ɗaya. Idan aka sami matsala ka san wuyan rigar da za ka riƙe, ba kafinta ya ce laifin birkila ne, birkila ya ce laifin mai walda ne ba.

Nemi aƙalla mutum uku. Kada ka yarda da hoton waya, domin hoton da ake nuna maka a WhatsApp sau da yawa ba ma a ƙasar nan aka ɗauke shi ba. Ka ce ya kai ka wurin aikin da ya yi wanda ya ga damina biyu ko fiye. Kafintan da ya ƙware a kujeru da gadaje ba lallai ya iya aikin waje ba. Wanda ya saba da rufin gida da rumfuna ya fi kusa.

In kun je, kada ka tsaya kallon sama. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashi da tocilan waya. Katako yana taɓa ƙasa? Akwai siririyar hanyar jar ƙasa da gara ke ginawa a jikin ginshiƙi? Kan ƙusoshi ya yi tsatsa ya baƙanta katakon? Taka tsakiya da ƙarfi ka ji ko yana lilo. Sannan ka ja maigidan gefe ka tambaye shi: "Alhaji, don Allah, kuɗin da kuka yi da farko a kansa aka ƙare?" Amsar wannan tambayar ta fi duk abin da ma'aikacin zai faɗa maka.

Shi kuma ma'aikacin, yi masa tambayoyi uku ka yi shiru. Yaya zai raba katako da ƙasa? Wane tazara zai bari tsakanin katako da katako? Da me zai ɗaure rufin? Wanda ya ce "Ranka ya daɗe, ka bar mini komai, ai mun saba" bai ba ka amsa ba.

Gargaɗi: in dandamalin zai wuce mita ɗaya daga ƙasa, ko a bene za a yi shi, wannan ya wuce aikin kafinta shi kaɗai. Nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ko magini mai rajista da CORBON, hukumar rajistar magina, ya zana ya sa hannu. A garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli, samun irinsu ba wuya ba ne.

4. Lissafi da yarjejeniya

Kowane ɗaya daga cikin mutum ukun da ka nemo ya kawo lissafi a rubuce, kaya daban, kuɗin aiki daban. Ban sa farashi a nan ba, saboda wanda ya ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ya san farashin yau ba na gobe ba ne. Abin da ba ya canzawa shi ne adadi, kuma da shi za ka kama mai ƙari. Ga na dandamali mai ƙafa 12 da 12:

Ginshiƙai 9, layi uku-uku, tazarar mita 1.8. Kankarensu bai fi kubik mita ɗaya da ɗan ɗori ba, wato siminti buhu 7 zuwa 8, tunda kubik mita ɗaya na haɗin 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu) yana cin kusan buhu 6. Manyan katakai uku da za su kwanta a kan ginshiƙan. Katako 2 x 6 (kauri inci 2, faɗi inci 6) guda 10 da za a gitta a kansu. Katakon shimfiɗa mai faɗin inci 6 kusan guda 25, ka ƙara uku saboda masu lahani. Sai kwano, bututun ƙarfe na rumfa, noti, ƙusa, maganin gara, fenti da kuɗin mota. Je Sabon Gari ka tambayi farashin kowanne a shago biyu ko uku, ka ninka da adadin, ka ajiye kashi 10 cikin 100 a gefe don abin da ba a zata ba.

In wani ya rubuta buhu 20 a wannan girman ba tare da daɓe ba, tambaye shi ina za su shiga. In kuma wani ya zo da kuɗi ƙasa da sauran sosai, to a katako ko a siminti zai fanshe.

Shawarata: ka sayi katako da siminti da kanka tare da shi, ka ba shi jingar aiki. A rubuta takarda kwafi biyu mai ɗauke da girma, irin katako da sunansa, zurfin rami, kaurin kwano, ranar gamawa, da yadda za a biya. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali har da mai unguwa. Biya kashi-kashi: kafin alƙalami kaɗan, kashi na biyu bayan an gama ginshiƙai ka gani, na uku bayan firam da rufi, na huɗu bayan shimfiɗa. Riƙe kashi 10 cikin 100 har sai ruwa mai ƙarfi ya sauka a kai.

Gargaɗi: a faɗi maganar riƙe kuɗin nan tun ranar farko, a rubuta. In ka ɓullo da ita a ƙarshe, kai ne ka ci amana. Kuma ka riƙa biya ta banki don a sami shaida. Kuɗin da aka miƙa a bakin masallaci bayan la'asar mantuwa yake yi.

5. Sayen katako

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Loko shi ne na gaba a aikin waje: yana jure ruwa, gara ba ta cika son tsakiyarsa ba, kuma ba ya yawan murɗewa. Maɗaci ma yana yi in yana ƙarƙashin rumfa. Ƙirya tana da taurin gaske, gara na shakkarta, sai dai samun ta a miƙe da tsawo yana da wuya, ta fi dacewa da gajerun turaku. Azarar giginya, wadda ta riƙe rufin soraye a cikin Birni shekara da shekaru, za ta iya shiga aikin rumfa in kana son kamannin gargajiya, amma ba a shimfiɗa ta a taka saboda tsiraranta. Farin katako mai laushi irin wanda ake yin akwatin zuba kankare da shi, ko kyauta aka ba ka kada ka sa. Malaina tana da arha, ta yi kujera da silin, amma ban yarda da ita a ƙarƙashin dandamali ba.

Je wurin 'yan katako da kanka tare da kafintan. Kada ka tsaya a bakin rumfa ana loda maka. Sa a sauke ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga kan katakon ka sa ido ɗaya ka bi tsawonsa, za ka ga in ya lanƙwashe. Danna kan makulli a jikinsa: in ya nutse da sauƙi, ba shi ba ne. Dubi bakin da aka yanke. Tsakiyar itace tana da duhu, gefenta kuwa fari-fari ne, kuma wannan farin gefen ko a jikin loko yake, gara da ƙwaro suna ci. In ka ga ƙananan huji da gari kamar na tuwo yana zubowa, mayar. In kana shakkar kalar, ka ce, "Malam, a ɗan goge mini gefen nan da injin," domin akwai masu shafa wa farin katako kala. Auna kauri da tef kuma, don abin da ake kira 2 x 6 sau da yawa bai cika ba.

Katako mai faɗin inci 12 kada a shimfiɗa shi haka. Yana lanƙwashewa ya yi kwarin da ruwa zai kwanta. A tsaga shi biyu a injin, a goge, a ɗan kashe kaifin gefuna.

Gargaɗi: sabon katako da ruwa a jikinsa yake zuwa daga Kudu. In an kawo gida, a jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo, a sa ƙananan sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a shafa fenti a bakunan. Ya yi mako uku zuwa huɗu. Kada a baza shi a rana cikin hunturu wai don ya yi saurin bushewa. Tsagewa zai yi. Saboda haka katako ake fara saya, yana shan iska ana aikin ƙasa.

6. Haƙa da zuba kankare

A share wurin, a cire saiwoyi, kututture da duk guntun itace da ke binne, don su ne ke kiran gara. In akwai suri a kusa, a tone shi har ƙasa. A haƙa kowane rami faɗin santimita 60, zurfin 60 zuwa 90, har sai an taɓa ƙasa mai tauri. Filayen da aka yi wa ciko, da na kusa da fadama irin gefen Kubanni, suna buƙatar fiye da haka. Zurfin ba a tef kaɗai yake ba, a taurin ƙasar yake.

A zuba maganin gara a ramuka da duk filin, irin na ruwa da ake samu wurin masu magungunan gona, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin roba. Haɗin kankare: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A awon ma'aikata, buhu ɗaya kwano biyu ne, don haka buhu guda yana ɗaukar yashi kwano huɗu da tsakuwa kwano takwas. Yashin ya zama na kogi mai kaifi. Damƙi shi da jiƙaƙƙen hannu, in ya bar maka laka a tafi, bai yi ba. Kowane ginshiƙi ya sami rodi mai milimita 12 guda huɗu da zobba, ya fito sama da ƙasa aƙalla santimita 40, a dasa noti ko faranti na ƙarfe a kansa tun kankaren yana ɗanye. A daidaita kawunansu da tiyon ruwa, ba da ido ba.

Ƙasan dandamalin a yi masa gangare zuwa magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, a shimfiɗa leda mai kauri a zuba tsakuwa, ko a yi siririn daɓe. Ba a son ruwa ya kwanta a wurin, ba a son ciyawa.

Gargaɗi: ranar zuba kankare ka kasance a wurin, ka ƙirga buhunan da aka fasa. Abin da aka binne ba ya sake ganuwa. Iskar hunturu tana shanye ruwan kankare kafin ya yi ƙarfi, saboda haka a naɗe ginshiƙan da buhun algarara ko tsumma, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, amma bayan mako guda ana iya ɗora firam. Maganin gara kuma kada ya kusanci rijiya, a kuma tsare yara da kaji ranar.

7. Firam da shimfiɗa

Kafin a haɗa komai, a shafe kowane katako ta fuska huɗu da maganin kare itace irin su Solignum, a ƙara a bakin duk inda aka yanka. Baƙin mai da kafintoci ke so yana ɗan taimakawa a firam na ƙasa, amma kada ya hau inda ake zama: yana ɓata tufafi, yana wari in rana ta yi, ga yara masu rarrafe.

Katako kada ya zauna kai tsaye a kan kankare. A sa faranti na ƙarfe ko guntun roba mai kauri a tsakani. Masu gittawa a jera su tazarar santimita 40. Wuraren da nauyi ke sauka a ɗaure da noti, ba ƙusa kaɗai ba, kuma noti da ƙusa su zama masu rufin da ba ya tsatsa. Loko yana da tauri, sai an fara huda shi kafin a buga, in ba haka ba bakin zai tsage.

Kada a rataya dandamalin a jikin bangon gida. Bulonmu mai rami ne, wani ma da yatsa za ka murtsuke shi, bangon ƙasa kuwa ba a ma magana. Ya tsaya da ƙafafunsa, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da bango, samansa kuma ya yi ƙasa da dokin ƙofa kaɗan don ruwa kada ya shiga ɗaki.

Sai tazarar shimfiɗa, wadda take bin lokacin shekara. Katakon da aka buga a Janairu yana a ƙarshen bushewarsa, in Agusta ta zo zai kumbura. A bar masa milimita 6 zuwa 8. In aka matse shi don ya yi kyau a ido, damina na zuwa zai tunkuɗi juna ya tashi ya tumɓuke ƙusoshi. Wanda aka buga da damina kuwa milimita 3 ta isa, don hunturu zai buɗe shi. Kafinta ya yanki 'yar itaciya daidai kaurin ya riƙa sawa a tsakani, kada ya ƙiyasta.

Gargaɗi: kada a toshe gefuna da bulo ko katako har ƙasa. Ana so iska ta ratsa, kai ma ka iya leƙawa. In kana gudun maciji da kaji, raga ta ƙarfe mai ƙofa ta wadatar.

8. Rumfa, matakala da abin dafawa

Turakun rumfa na bututun ƙarfe mai inci 3, a dasa su cikin kankare, a shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin na ado. Kwanon ya zarce bakin dandamali da santimita 60 ta kowane gefe, musamman gabas inda hadari ya fi tasowa. A ɗaure katakon rufi da langalanga ko noti. Rumfa ba ta da bango, iska ta ƙasa take shiga ta ɗaga ta, shi ya sa ake tsintar kwanon mutane a gidan maƙwabta kowace farkon damina. In alminiyom za ka sa, kada ya gaza kaurin milimita 0.45, ka kuma sa a auna a gabanka.

Matakala kowace ta zama tsayi ɗaya, santimita 15 zuwa 17, saboda tsofaffi. In tsayin dandamalin ya haura santimita 60, a yi abin dafawa mai tsayin kusan mita ɗaya, tazarar sandunansa kada ta kai santimita 10, don kan yaro kada ya shige. Wayar lantarki ta fitila da fanka a bi da ita cikin bututu.

9. Karɓar aiki

Kafin ka biya kashi na huɗu, cire takalmi ka zagaya ko'ina, ƙafa za ta gaya maka inda kan ƙusa ya fito ko inda ba a goge ba. Kwarara bokiti biyu na ruwa ka ga inda ya bi. Jijjiga abin dafawa da ƙarfinka. Leƙa ƙasa ka tabbata an kwashe guntayen katako da garin zarto, domin leburori sun fi son tura su can, kuma wannan gayyatar gara ce.

Saman katakon a shafa mai irin na itace wanda yake nutsewa ciki. Banish mai ƙyalli yana da kyau a watan farko, amma rana tana fasa shi ya riƙa ɓarewa, sai an kankare kafin a sake. Man kuwa sharewa kawai za a yi a ƙara wani, sau ɗaya a shekara, bayan ƙurar hunturu ta lafa kuma kafin ruwan farko.

Sauran kuɗin da ka riƙe, ka kira ma'aikacin bayan ruwa mai ƙarfi ya sauka sau biyu ko uku, ku duba tare: yoyon kwano, katakon da ya tashi, notin da ya saki. Ya gyara, ka cika masa a ranar. Daga nan duk wata ka leƙa ƙarƙashi da tocila, in ka ga hanyar gara a jikin ginshiƙi ka kankare ta, ka bi ta zuwa inda ta fito ka zuba magani.